Wutar Sola a Ƙauye, da Abin da Ke Sa Ta Daɗe

Wani manomi ya aiko mana da takarda daga ƙasar Haɗeja, ya ce kuɗin fetur na neman ya kore shi daga fadama. Ya ce ya ga maƙwabcinsa ya girke waɗansu baƙaƙen farantai a bakin rijiya, ruwa na ta zuba, ba ƙara ba hayaƙi, shi ma ransa ya biya. Amma kuma a garinsu akwai fitilun sola da aka kakkafa a bakin hanya shekarun baya, yau babu ko ɗaya mai kamawa, sai tsuntsaye ke kwana a kai. Shi ya sa ya ke tambaya, shin abin nan na gaskiya ne, ko kuwa romon baka ne irin na masu talla?

To, malam, tambayarka ta yi kyau, kuma mun san ba kai kaɗai ke da ita ba. Abin na gaskiya ne, maƙwabcinka bai yi wauta ba. Fitilun garinku kuwa ba rana ce ta gaza musu ba, akwai abin da ya kashe su, za mu zo kansa. Amma bari mu ɗauko maganar daga tushe, don 'yan kasuwa da akawuna masu karanta wannan fili su ma da rabonsu a ciki.

Abin da ya hana waya zuwa

Tun 1968 aka gama madatsar ruwa ta Kainji, aka ce wuta ta samu. Ga shi an haura shekara hamsin, amma a 2021 Bankin Duniya ya ƙiyasta mutum miliyan 85 a Nijeriya ba su da wutar waya ko kaɗan, watau sama da mutum huɗu cikin kowane goma, galibinsu kuwa mutanen karkara ne. A Nijar abin ya fi haka, don kamar mutum ɗaya cikin biyar ne ke da ita, su ma yawancinsu a Yamai da manyan garuruwa. Dalilin ba ɓoyayye ba ne, duk falken da ya taɓa kai kaya gari mai nisa ya san shi. Kafin wuta ta isa ƙauyen da ke mil ashirin daga babban titi, sai an kafa turaku ɗaruruwa, an ja waya, an sayi taransifoma, sa'an nan a riƙa aiko ma'aikaci yana karɓar kuɗi. In an isa sai a tarar gida ɗari biyu ne, kowane gida ƙwai biyu da rediyo. Yaushe kuɗin ƙwai biyu zai biya turaku ɗari biyar? Kamfanonin rarraba wuta kuwa tun 2013 su ke hannun 'yan kasuwa, ɗan kasuwa kuwa ba ya kora jakinsa inda ba zai dawo da kaya ba.

Waɗanda wayar ta isa gare su ma ba su huta ba. Ba a manta da watan Oktoba na 2024 ba, sa'ad da aka lalata babban layin da ya taso daga Shiroro zuwa Kaduna, ɗayan layin kuma ya sami matsala, jihohin Arewa da yawa suka yi fiye da mako guda cikin duhu. Mutanen Nijar su ma sun ɗanɗana a watan Agusta na 2023, da aka yanke musu wutar da ke zuwa daga Nijeriya bayan juyin mulki. Haka doguwar waya ta ke, in ta tsinke a wuri ɗaya sai dubban garuruwa su kwana da aci-bal-bal. Wannan ya sa masana suka koma tunanin a yi wutar a nan inda za a sha ta.

Ƙasashe sun bi hanya daban-daban, kowa da abin da Allah ya hore masa. Mutanen Nepal suna cikin duwatsu masu ƙoramu, sai su ke sa ruwan gangare ya juya musu ƙananan injuna. Waɗansu iska ce da su. Mu nan ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce, ƙoramunmu kuma su kan ƙafe da rani, amma rana kam ba mai yi mana gorinta. Daga Sakkwato zuwa Damagaram zuwa Barno, a kan sami cikakkiyar rana mai ƙarfi kamar ta sa'a biyar zuwa shida kowace rana, ban da hasken safe da na yamma.

Yadda farantin ke aiki

Farantin nan da wani sinadari a ke yinsa mai suna silikon, wanda a ke tacewa daga yashi. In haske ya sauka a kansa sai wuta ta motsa a ciki ta bi waya. Babu abin da ke juyawa, babu abin da ke ƙonewa, shi ya sa ya kan kai shekara ashirin zuwa ashirin da biyar yana aiki. A Amurka aka fara ƙera mai amfani, a 1954, amma tsadarsa a lokacin ta sa sai a jikin tauraron ɗan adam a ke ganinsa. Kada kuma a ce mu nan barci mu ke yi. Abdou Moumouni, haifaffen Tasawa, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, ya shugabanci ofishin binciken ƙarfin rana na Nijar tun daga 1969, yana ƙera abin dafa ruwa da sauran na'urori masu aiki da rana. Abin da ya hana irin wannan ilmi yaɗuwa a ƙauyuka tsada ce. Tsadar kuwa ta karye tun da ƙasar Sin ta shiga ƙera farantan da yawa. Tsakanin 2010 da 2020 kuɗin farantin ya faɗi da wajen kashi 90 cikin 100. Abin da dā sai gwamnati, yau ga shi a rumfar kasuwa kusa da mai sayar da bokiti.

Kowane kaya da mudunsa, wuta ma haka. Ƙarfinta da wat a ke aunawa, yawanta kuma da yunit. Yunit ɗaya shi ne wat 1,000 na tsawon sa'a guda. Ƙwan zamani mai wat 10 sai ya yi sa'a 100 kafin ya cinye yunit ɗaya. Fanka mai wat 50 sa'a 20 za ta yi. Dutsen guga kuwa, mai wat 1,000, cikin sa'a ɗaya tal zai lashe shi. Faranti mai wat 300 a ranar ƙasarmu ya kan ba da yunit ɗaya da 'yan kai a yini. Wanda ya riƙe wannan lissafi, mai talla ba zai ce masa faranti guda zai riƙe firji da talabijin da dutsen guga ya yarda ba.

Rumbun da ke ruɓewa

Yanzu ga abin da ya kashe fitilun garin malamin namu. Rana da yini ta ke zuwa, mutane kuwa da dare su ke son haske. Sai an sami inda za a tara wutar ke nan, watau batir. Batir shi ne rumbun wuta, amma rumbu ne mai ruɓewa. Irin na dalma, ɗan'uwan batirin mota, a zafin ƙasarmu shekara biyu zuwa huɗu ya kan yi, in kuma ana zuƙe shi ƙaf kowane dare ko haka ba ya kaiwa. Sabon iri na litiyam ya kan kai shekara takwas ko goma, amma kuɗinsa ya fi yawa. A cikin kayan solar gida, batir ne ya kan ci kaso mafi tsoka na kuɗin, kuma shi ne ke fara mutuwa.

Fitilun nan da ka gani, malam, in ka sa yaro ya hau ya duba, mai yiwuwa ne farantansu lafiya lau su ke. Batir ne ya ƙare, kuma ranar da aka kafa su, aka yi kiɗa aka yi jawabi, ba wanda ya tambaya wa zai sayi sabo bayan shekara uku. Ni da kaina na taɓa kwana a wani ƙauye inda aka yi musu rijiyar burtsatse mai sola. Wata 'yar na'ura ce ta ƙone a ciki, wadda kuɗinta bai kai na tunkiya ba, amma rijiyar ta yi damina biyu a rufe, mata suka koma tafki. Na tambayi mai unguwa, ya ce suna jiran waɗanda suka kawo. Waɗanda suka kawo kuwa sun daɗe da manta sunan garin.

To, a nan manomi ya fi ɗan birni sa'a. Ɗan birni haske da fanka ya ke so da dare, tilas ya sayi batir. Manomi kuwa babban aikinsa da rana ya ke yinsa. Ban-ruwa da rana ne, niƙa da rana, casar shinkafa da rana. Aikin da a ke yi rana na sama ba ya bukatar rumbu, wuta na fitowa daga faranti tana shiga inji kai tsaye. Wannan ita ce wuta mafi araha da ƙauye zai iya samu, kuma ita ce ke jawo kuɗi, ba kamar hasken dare ba wanda ci kawai ya ke yi.

Lissafin fadama

Dattawa sun san jigo, da ciwon bayan da ya ke bari. Daga farkon shekarun 1990, da shirin Fadama ya zo da taimakon Bankin Duniya, aka yi ta haƙa ƙananan rijiyoyin tiyo, injin fetur ya maye gurbin jigo, noman rani ya bunƙasa ƙwarai. Duk wannan a kan fetur mai araha aka gina shi. Ran 29 ga Mayu 2023 aka janye tallafi. Litar da a ke saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce 1,000.

Kowa ya ɗauki takarda ya yi nasa lissafi, amma ga misali. Ƙaramin injin ban-ruwa ya kan sha kamar lita ɗaya a sa'a. A ce kana yin sa'a huɗu kowane ban-ruwa, bayan kwana uku-uku, shukar kuma ta yi kwana 105 a gona. Ban-ruwa 35 ke nan, lita 140. Ka buga da kuɗin lita a garinku yau, ka ƙara baƙin mai da kuɗin makanike da kuɗin mashin zuwa gidan mai. Abin da ya fito shi ne abin da ka ke ƙonawa kowace shekara. Sa'an nan ka tambayi kuɗin famfon sola da farantansa, ka raba, ka ga rani nawa zai yi kafin ya fanshi kansa. In ya fita cikin rani biyu ko uku, ciniki ya yi, don abin da ya biyo baya ruwan kyauta ne.

Sai dai famfon sola halinsa dabam da na injin fetur, wanda bai san haka ba zai yi fushi a banza. Injin fetur kamar doki ya ke, ya zubo ruwa da ƙarfi cikin sa'a uku ka tafi gida. Na sola kuwa tafiyar raƙumi ya ke yi. Da hantsi ruwan siriri ne, da tsakar rana ya cika tiyo, da la'asar ya sāke raguwa. Sai mutum ya sāke tsarin aikinsa, ya raba fangalinsa kashi-kashi, yau wannan gobe wancan, ko ya gina tanki ko kududdufi a tudun gona ya riƙa tara ruwa. Tankin ruwa shi ne batirin manomi, kuma ba ya mutuwa bayan shekara uku.

Eka ɗaya ta tumatir ko albasa, in rani ya yi tsanani, tana shan kamar duro 120 a rana, duro mai lita 200, ban da wanda ke tsiyayewa a lambatu kafin ya isa gindin shuka. In ruwan ba shi da zurfi, kamar yadda ya ke a yawancin fadamu, faranti biyu zuwa huɗu irin mai wat 300 sun isa su ɗago wannan. In zurfin ya ninka, wutar da a ke bukata ita ma ta ninka. A tuna kuma, famfon da ke zaune a bakin rijiya yana zuƙo ruwa ba ya iya jawo shi daga zurfin da ya wuce mita bakwai ko takwas, kome ƙarfinsa. Abin da ya wuce haka sai irin wanda a ke zurawa cikin ruwan.

Akwai wata magana da masu sayarwa ba sa faɗa. Dā tsadar fetur ke sa mutum ya kashe inji da zarar gona ta ƙoshi. Yanzu da ba a sayen mai, sai a bar famfo ya yi ta zuba tun safe har yamma. Ruwan ƙarƙashin fadama kuwa na kowa ne, kuma yana da iyaka. In manomi ɗari suka yi haka a fadama guda, rijiyar mai ƙaramin ƙarfi ce za ta fara ƙafewa. Yawan ruwa kuma shi kansa ya kan ruɓar da saiwar albasa, ya taso da kanwa a gona.

Abin da ya faru a waɗansu ƙasashe

Wanda ba shi da kuɗin saye a dunƙule fa? Ƙasar Bangaladash ta gwada wata hanya. Daga 2003 zuwa 2018 an sayar wa gidajen ƙauye ƙananan kayan sola sama da miliyan huɗu, faranti guda da batir da 'yan ƙwai, wanda ya haskaka wa mutum wajen miliyan 20. Ba kyauta aka ba su ba. Mai gida ya kan ba da kafin alƙalami, sauran ya biya wata-wata har shekara uku. Sirrin abin shi ne, mai zuwa karɓar kuɗin shi ne mai gyara. In fitila ba ta kamawa ba za a ba shi ko kwabo ba, saboda haka tilas ya duba ta. Daga baya cinikin ya ja baya, don wutar waya ta bazu cikin ƙauyukan da sauri, kuma gwamnati ta shiga raba irin kayan kyauta. Da kyauta ta shigo sai masu bashi suka fara noƙewa, masu gyara suka rasa abin yi. A Kenya kuwa kamfanin M-KOPA ya fito da biya ta wayar hannu tun wajen 2012. Ka biya na yau fitila ta kama, ka ƙi biya ta kulle kanta, in ka gama biya ta zama taka. Irin wannan ciniki ya iso ƙasarmu, sai dai mai saye ya tara dukan abin da zai biya daga farko zuwa ƙarshe, ya gwada da kuɗin hannu, kafin ya sa hannu.

Labarin Dharnai kuwa ya kamata kowane dagaci ya ji shi. Ƙauye ne a jihar Bihar ta Indiya, wanda ya yi shekara wajen talatin ba wuta. A 2014 ƙungiyar Greenpeace ta kafa musu tashar sola mai kilowat 100, jaridun duniya suka yi ta yabo. Da mutane suka fara jona kayan da ke jan wuta da yawa, batir ya riƙa ƙarewa kafin gari ya waye, aka ce a taƙaita, sai suka ce ba irin wutar da su ke so ba ke nan. Ba da jimawa ba gwamnati ta kawo musu wutar waya mai rahusa, mutane suka koma can, kuɗin sola ya daina shigowa. Cikin 'yan shekaru batiran suka mutu, ba kuɗin canji. Da 'yan jarida suka koma a 2021, shanu suka tarar a ɗaure a wurin. 

Tashar gari

Irin wannan tasha ta gari guda ita ce yanzu a ke ta kafawa a Nijeriya, amma da wani tsari dabam. Ɗan kasuwa ne ke kafa farantai da batir a gefen gari, ya ja waya gida-gida, ya sa wa kowa mita, a sayi wuta kafin a sha kamar katin waya. Hukumar kula da lantarki ta fitar da dokar irin waɗannan tashoshi a 2016, ta sabunta ta a 2023. Hukumar kai wuta karkara kuwa ta sami dala miliyan 350 daga Bankin Duniya a 2018, tana biyan wani kaso na kuɗin kafawa don wutar ta sauko wa talaka. Tasha ta farko a ƙarƙashin wannan shiri a Rokota aka buɗe ta, cikin Jihar Neja, a watan Disamba na 2019, mai kilowat 64. A ƙarshen 2023 Bankin ya amince da wasu dala miliyan 750 don a faɗaɗa aikin.

Gaskiya ɗaya ce, yunit ɗin tashar gari ya kan fi na wutar waya tsada, mutane kuma su kan yi guna-guni. Amma da me za a gwada shi? Da wutar da ba ta zo ba? A gwada shi da janareta. Ƙaramin janareta da kyar ya ke fitar da yunit biyu daga lita guda. In lita na naira 1,000, yunit ya haura 500 ke nan, ban da gyara da ƙara da hayaƙin da ke kashe mutane a ɗaki.

Abin da ke raya tashar gari shi ne abin da muka faɗa tun ɗazu, aikin rana. In ƙwai da cajin waya kaɗai gari ke sha, da rana farantai na ta zubar da wuta a banza, da dare kowa ya taru a kan batir, kuɗin da a ke tarawa ba zai riƙe tashar ba. Amma in akwai injin niƙa biyu, da mai casar shinkafa, da mai walda, da tela, da mai sayar da ƙanƙara, su ne za su saye wutar rana, su ɗauke nauyin, ƙwan gidan gwauruwa ya yi sauƙi. Don haka 'yan kasuwar gari su ne ginshiƙin abin. Masu injin niƙa na gas su tambaya ko akwai rangwame ga mai aiki da tsakar rana, da kuma ko kamfanin zai ba da injin lantarki bashi. Su kuma tambayi ko tashar za ta iya tayar da injin, don lokacin tashi ya kan ja wuta ninki uku ko fiye na abin da ya ke ci in ya kama gudu. Masu gwari su ma akwai nasu. Tun 2015 kamfanin ColdHubs ke kafa ɗakunan sanyi masu aiki da rana a kasuwanni, ana biyan kuɗin kwando a kwana, tumatirin da dā kwana biyu ya ke yi sai ya kai mako biyu ko fiye. Wanda ya taɓa zubar da kwanduna a bakin kasuwa don dillali ya san ba shi da wurin ajiya, shi ya san darajar wannan.

Akawun gari kuwa, ranar da kamfani ya zo da takardar yarjejeniya, ranarka ce. Kada a bar dagaci ya dangwala hannu sai an karanta masa da Hausa a gaban jama'a. A ga kuɗin yunit a rubuce, da yadda za a ƙara shi in za a ƙara. A ga sa'a nawa za a ba da wuta a kwana. A ga wanda zai canza batir, da kwana nawa za a yi kafin mai gyara ya iso, da shekara nawa aka ba da aron filin. A tambaya kuma ko kamfanin rajista kawai ya yi, ko yana da cikakken izini. Doka ta yarda tashar da ba ta wuce kilowat 100 ba ta tsaya a rajista, amma mai izini shi ne ke da haƙƙin diyya in wutar waya ta iso garin daga baya, kuma wanda ya san ba zai yi asara ba shi ya fi sakin jiki ya zuba kaya masu kyau. A roƙa kuma a koya wa yaran gari biyu ko uku gyara. In kuwa kayan na jama'a ne, kamar rijiya ko firjin allurar rigakafi na asibiti, to, a kafa asusu tun ranar farko, a sa ma'aji, kowane gida ya riƙa zuba ɗan abu kamar adashi, ko da kome lafiya ya ke.

Kulawa

Ƙurar hunturu babbar abokiyar gaba ce. In ta kwanta a kan faranti wuta ta kan ragu ƙwarai, mutum ya zaci kayan ne suka lalace. A share da tsumma mai laushi da ruwa, da sassafe kafin gilashin ya yi zafi. Inuwa ma haka, ko ta reshe guda ce ta faɗa a kan kusurwa sai ta rage aikin farantin duka. Haske ya ke so, ba zafi ba, zafi ma rage masa ƙarfi ya ke yi, saboda haka kada a manna shi da kwanon rufi, a bar iska ta ratsa ta ƙarƙashi. A fuskantar da shi kudu, a ɗan karkata shi yadda ruwan sama zai wanke shi. Na gona kuwa ɓarayi sun san kuɗinsa. Waɗansu manoma su kan ɗora nasu a kan amalanke ko baro, su tafi da shi da safe su dawo da shi da yamma, wannan dabara ce mai kyau.

Mataccen batir kada a bar shi a tsakar gida, kada kuma a fasa shi. Dalma ce a ciki, mu kuwa mun san abin da gubar dalma ta yi wa ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010, ko da ya ke waccan daga dutsen zinariya ta fito. A mayar wa mai sayarwa, ya kan ma rage wani abu a kuɗin sabo.

Kai kuma malamin Haɗeja, kafin ka tafi kasuwa ka auna zurfin ruwan rijiyarka a watan da ya fi ja baya, ba da kaka ba, ka kuma auna nisa daga rijiya zuwa fangalin ƙarshe. Ka kai wa mai sayarwa waɗannan lambobi. A kasuwa akwai farantan da aka rubuta musu wat ɗin da ba su kai ba, don haka ka sa a gwada a gabanka da abin awo, a cikin rana. In ya yarda, a haɗa famfon a gonarka, ka kafa duro ka duba agogo, sau ɗaya da hantsi sau ɗaya da azahar, sa'an nan ka cika kuɗi. Ka karɓi takardar garanti mai sunan shago. Tsohon injinka na fetur kuma kada ka sayar da shi bana, ka ajiye shi don ranar da hazo ya rufe sama alhali tumatir na fure.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu koma kan tsutsar tumatir, don takardu sun taru a kanta.